Randunan da Dakta Bilyaminu Ya Bari a Kan Gawo

Ranar Talata, 14 ga Oktoban 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Bilyaminu Nasidi a wani asibiti a Gusau, bayan ciwon ƙoda da ya kwantar da shi tun tsakiyar damina. Aka kawo shi garinsu, Ɗan Isa, aka yi masa sutura bayan La'asar. Wanda Ya ba da shi Shi ne Ya karɓa, kuma can dukanmu muka nufa. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya. Ya kuma bar randunan ƙasa ɗaure a kan itatuwan gonaki, tun daga Ƙauran Namoda har ƙasar Zurmi da Shinkafi, mujiya tana ƙyanƙyasa a cikinsu. Tun ranar da aka rufe shi ake maganar randunan nan, wasu na cewa su ne ajalinsa, a farfasa su. Wannan magana ce ta sa na zauna yin rubutun nan, ni da ban taɓa rubuta wa mamaci komai ba.

Ni malamin dabbobi ne, na yi aikina na ajiye. Ba zan ce ni amininka ba ne, Dakta, domin musun da muka yi ya fi hirar da muka yi yawa. Amma na ga aikinka tun daga farkonsa, kuma abin da na gani shi zan faɗa. Bincikenka a kan namun daji ne da tsuntsayen da ke zaune a gonaki da wuraren kiwo. In aka ce namun daji, mutane sai su hango zaki da giwa. Waɗannan sun daɗe da barin ƙasarmu. Abin da ya rage mana shi ne zomo da kurege da tunku da bushiya da zabin daji da shaho, sai ɓera wanda ya fi su duka yawa. Su ka ƙare rayuwarka kana bi, kana tambayar me suke ci, me ke cin su, kuma me ke faruwa da manomi da makiyayi in ɗaya daga cikinsu ya ɓace.

A Jangeru muka fara haɗuwa, wata kaka, bayan an kwashe dawa. Al'adar wurin ita ce, in manomi ya gama kai amfaninsa gida sai ya sakar wa makiyaya gonar, dabbobi su ci kara da ragowar harawa, su bar masa taki. A shekarar ɓera ya yi ɓarna ba kaɗan ba, sai manoma suka kwaɓa maganin ɓera da dusa, suka zuzzuba a sakaina a gefen kunyoyi. Da suka kwashe amfani, ba wanda ya tuna da dusar. Aka saki dabbobin Ardo Jatau, shugaban Fulanin da ke zaune gabas da garin, kafin Azahar tumaki da awaki sun zube suna kumfa. Aka aiko mini. Na iske abin da allura ba ta yi masa komai, na kuma iske abin da ya fi shi muni. Samarin ruga sun tsaya a gefe guda da sandunansu suna cewa da gangan aka yi, samarin gari sun tsaya a ɗaya gefen. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san inda irin wannan tsayuwa take kai mutane.

Ina can ina fama da tumaki, na hango ka tsugune a gindin wata tsohuwar kuka kana tsintar wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule kana zubawa a leda. Wallahi haushinka na ji. Na ce a raina, ga wani ɗan boko, ana shirin zubar da jini shi yana tsintar kashi. Da dattawa suka kashe wutar ranar, aka zauna a ƙofar mai gari, sai ka shimfiɗa abin da ka tsinto a gaban kowa. Ka ce aman mujiya ne, domin ita haɗiye ɓera take gaba ɗaya, daga baya ta amayar da gashi da ƙashi. Ka sa tsinke ka fasa guda, sai ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Ka fasa wani, haka. Ka ce a duk kewayen, kukar nan kaɗai ta rage mai kogo, sauran manyan itatuwa an sare an yi gawayi, mai cin ɓera ba ta da wurin kwana. 'Yan mujiyoyin da suka saura kuma maganin ɓera ke kashe su, don suna cin ɓeran da ya ci guba. Ka ce in za a yarda, kana so ka gwada yi wa mujiya ɗaki a gonaki, ka ga ko za a iya barin magani.

Ardo Jatau ne ya fara magana. Ya ce, "Malam, tsuntsuwar da ka kiran mutuwa, ita za ka kawo muna?"

Ka nuna masa wajen gonar da tumakinsa ke kwance a bakinta, ka ce, "Ardo, mutuwa ga ta can, kuma ba ita tak kawo ta ba."

Bai ce ya yarda ba. Amma bai tashi ya tafi ba, kuma daga nan aikin ya fara.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba, kuma ba laifin kowa ba ne sai naka. Akwatunan katako ka sa aka ƙera, dogaye, aka shafe su da farin fenti wai don su rage zafin rana, aka kafa su a kan turaku a tsakiyar gonaki. Haba Dakta! Dogon farin akwati a sama, mujiya a ciki, a ƙasar Hausa. Mata suka daina bin hanyar zuwa itace. Wani manomi a Ɗan Isa ya ce shi ba zai yi noma a ƙarƙashin likkafani ba. Na ce maka ka yi karatu har ka manta garinku, ka yi dariya ka ce na yi gaskiya. Gara ta cinye wasu turakun. A cikin 'yan akwatunan da mujiya ta shiga kuwa, zafin bazara ya kashe 'ya'yan. Na ga fuskarka ranar da ka sauko da su a cikin hularka.

Randa ce ta ceci aikin. Ka ce abin da ke sanyaya ruwa zai sanyaya tsuntsu, ka tafi wurin Asibi, wata mai ginin tukwane a wani ƙauye kusa da Zurmi, ka kwatanta mata abin da kake so: babbar randa mai rufaffen baki, da ƙofa a gefe, da 'yan huji a gindi don ruwa ya fita. Da ka fara yi mata bayanin wanda zai zauna a ciki, ta tare ka. Ta ce, "Ni yumɓu nika ginawa, Dakta. Wanda za ya kwana ciki, wannan kai da shi." Na farko sun fashe a wuta, na biyu sun yi nauyin da ba reshen da zai ɗauka. Kuka yi ta gwadawa har aka samu daidai. A kan gawo ka riƙa ɗaure su, saboda gawo tun daga kaka har rani yake ganye, daidai lokacin da mujiya ke kwanci tana neman inuwa, kuma manomi ba ya sare gawon gonarsa. Mutanenmu sun saba ganin amyar zuma a kan itace, don haka randa ba ta firgita kowa ba. Mata suka koma bin hanyarsu.

Yadda ka riƙa aikin ma abin faɗa ne. Ba ka taɓa ɗaura randa a gonar da mai ita bai ce to da bakinsa ba. Sharaɗinka guda ne, mai gona ya bar maganin ɓera, in kuwa ya zuba a ɓoye, ya kwashe dusar kafin a saki dabbobi. Da gangan kakan bar wasu gonaki babu randa, don ka auna bambanci. Da sassafe za a gan ka a kan tsohon babur ɗinka, wando a cuse cikin takalmin roba, kana bin kunya-kunya kana duba ramukan ɓera da zangarniyar da aka ci, a gona mai randa da wadda ba ta da ita. Ranar kasuwa kuma ka je Kasuwar Daji ka zauna kusa da masu sayar da hatsi, faifai a gabanka cike da ƙoƙunan kan ɓera, duk wanda ya tsaya ka ba shi tsinke ya fasa da hannunsa. 'Yan kabu-kabu suka sa maka suna Dakta Mujiya. Wasu tsokana suke yi, wasu kuma da gaske suke ƙyamar gaisawa da kai. Duka kana amsawa.

Abin da na fi girmamawa a wurinka shi ne ba ka taɓa ƙara wa tsuntsuwarka gishiri ba. Kakan ce mujiya ba ta ƙarar da ɓera, rage shi take yi, kuma a shekarar da ɓera ya yi ambaliya ba za ta iya ita kaɗai ba. Wata mata a Ɗan Isa ta taɓa kawo ƙara cewa mujiyarka na ɗauke mata 'yan tsaki. Ni na ce shaho ne, a sallame ta. Kai ka je gindin gawon ka tsinto aman, ka fasa a gabanta, ka iske ƙashin tsuntsu a cikin guda biyu. Ka ce mata tana da gaskiya, ka ba ta haƙuri, da 'ya'yan mujiyar suka tashi ka mai da randar nesa da gidaje. Na ce maka ka ba maƙiyanka sanda. Ka ce in ka ɓoye wannan, ba wanda zai yarda da sauran.

Ba zan ce an daina kira na ga dabbobin da suka ci guba ba. Amma a wuraren da randunan nan suka zauna, kiran ya yi ƙaranci har na lura, ni da nake jiran in ga aikin ya rushe in ce na faɗa. Ardo Jatau ya koma sakin garkensa a gonakin Jangeru ba tare da ya tura mutum ya bi kunyoyi yana shinshina ba. Da shekarun nan suka zo da daji ya gagari kowa shiga, akwai randunan da ka daina iya kaiwa gare su, mutanen Ardo ne ke duba maka su kawo labari. A lokacin da aka riƙa kallon kowane Bafulatani da ido guda, har zuwa kasuwa ya zame musu wahala, kai ne kake ɗaura buhun kanwa a bayan babur ka kai musu. An yi maka magana a kan haka, wasu maganganun masu zafi. Ni ma na ce ka rage. Ba ka rage ba.

Akwai kuma abin da ke tsakanina da kai. Da matata ta rasu, ka zo ka zauna da ni har aka tashi daga makoki, ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka kuma ambaci ɓera ko sau ɗaya ba. Na san yadda wannan ya yi maka wuya.

Tun kana kwance maganar ta fara yawo. Aka ce mujiya ta yi kuka a kan rufin gidanka na Ƙaura. Aka ce wanda ya tara su dole su ci shi. Ni na ga takardun asibiti, na ga ƙafafunka da suka kumbura, na san ciwon ƙoda ne irin wanda ya kashe mutane da dama da ba su taɓa kallon mujiya ba. Amma mai baƙin ciki yana neman abin da zai dafa ya ce shi ne. Washegarin jana'iza ƙanenka Jamilu ya ja wasu samari suka bi gonakin da ke kusa da gari, suka hau gawo suka turo randuna ƙasa. Na je na gani da idona. Yanzu ne lokacin ƙyanƙyasa. Na iske fasassun kasake, da ƙwai a farfashe, da 'ya'ya masu farin gashi a kwance tururuwa ta rufe su. Raina ya ɓaci ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba. Aka kuma ce mini sun sa rana, bayan sallar Juma'a za su gama da sauran.

A gane abin da ke cikin wannan. Dawa ta nuna, ana gab da girbi, bayan girbi za a saki gonaki. In randuna suka tafi, manomi zai koma kwaɓa dusa, domin ba zai zuba ido ɓera ya cinye masa shekara ba. Ardo Jatau ya zo gaisuwa tun daga Jangeru, ya ja ni gefe ya ce in aka koma zuba magani ba zai kai dabbobinsa gona ba, sannan ya tambaye ni ina zai kai su, tunda daji ba ya shiguwa. Shi da ni mun tsaya a bakin gonar nan ta Jangeru, mun san yadda ranar ta kusa ƙarewa.

Ranar sadakar uku liman ya yi magana. Ya ce addini ya hana camfi da tsuntsu, ajali a hannun Allah yake, ba kukan da ke matso da shi ko ya ja shi baya. Mutane suka gyaɗa kai. Jamilu ya ce ya ji, kuma bai musa ba. Ya ce amma shi don Inna, mahaifiyarsu, yake yi, tun da aka kwantar da yayansa ba ta runtsa in ta ji kukan tsuntsuwar nan, shi kuwa ba zai bar tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta tana jin abin da ya ɗauke mata ɗa ba. Liman yana iya gyara aƙida, amma ba wanda zai ce wa ɗa kada ya share wa uwarsa hawaye.

Bayan Azahar aka yi mini iso na shiga cikin gida yi wa mahaifiyarka gaisuwa. Inna Sa'ida tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, mata sun kewaye ta, tana jan carbi. Kai ne ɗan farinta, kuma ita irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Duk Ɗan Isa an san ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa yabonka a gaban mutane ba, in dole ta ambace ka sai ta ce yaron ga, ko bayan ka yi furfura. Ko a makokin nan ba a ga hawayenta ba. Ban kai mata ƙara ba, ashe labari ya riga ni. Ta amsa gaisuwata, sannan ta sa aka kira Jamilu. Ya zo ya durƙusa.

Ta ce, "An ce don ni kay yi."

Ya ce, "I, Inna."

Ta ce, "Na haihi tara. Biyar na ba ƙasa tun yaron ga bai ɗaura randa ko guda ba. Wace mujiya tak kashe su?"

Jamilu ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba tana jan carbinta, muryarta ba ta tashi ba.

"Ni har gobe ba ni son kukanta. In tay yi, kaina nika rufewa. Amma an ce min uwa na ciki da ɗiyanta. Ni an amshe min Bilyaminu, na bar ma Allah. Ba a amshe ma wata nata da sunana."

Matan da ke wurin suka sa kuka gaba ɗaya. Ƙanwarta, wadda suka tsufa tare, ta ce tun da aka raɗa sunan ba ta taɓa jin sa a bakinta ba sai yau. Jamilu ya kifa kansa a ƙasa yana kuka irin na yara. Ni ma na tashi na fita, don ba na son a ga abin da fuskata take yi.

Juma'a ta zo ta wuce, ba a ƙara turo randa ko ɗaya ba a Ɗan Isa. Na sauran wurare ban san yadda za ta kaya ba, an ce mini an fasa wasu a wajen Zurmi, kuma maganar Inna ba za ta kai kowace gona da kanta ba. Don haka nake roƙon duk manomin da ke da randa a gawonsa, in rubutun nan ya iske shi ko aka karanta masa, ya yi wa Allah ya bar ta. In zuciyarsa ba ta natsu ba, ya jira 'ya'yan su tashi, ya aiko mini Ƙaura, zan sa a sauke ta lafiya a kai inda ake so. Wanda kuma ya riga ya zuba magani, ya bi kunyoyinsa ya kwashe kafin dabbobi su shigo.

Ya Allah, ga bawanKa Bilyaminu ya zo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka sassauta masa tambaya, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Duk hatsin da ya tsira ya shiga rumbu ta dalilinsa, da duk dabbar da ta ci kara ta koma ruga da ranta, Ka rubuta masa su a cikin sadakar da ba ta yankewa. Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Hajiya Rashida, Allah Ya ba ta juriyar zaman takaba da na bayansa. Ga 'ya'yansa, Allah Ya raya su, Ya zama gatansu. Ga Jamilu da sauran 'yan'uwa, Allah Ya sanyaya musu. Ga abokan aikinsa, da Ardo Jatau da jama'arsa, da Asibi, da mutanen Ɗan Isa baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙuri.

Inna Sa'ida kuwa ba ni da kalmar da ta kai ta. Allah Ya ba ta ladan haƙurinta, Ya haɗa ta da Bilyaminu a inda za ta kira shi da sunansa ya amsa. Amin.

Mainasara,
Malamin dabbobi mai ritaya,
Ƙauran Namoda.